Amsa ga mai tambayar ta ina ake fara komik ko dokumentari

Salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana son yin komik, wato labari cikin zane-zane, da ɗan dokumentari a kan mutanenmu na nan Legas amma ba jari, wai ko akwai masu ɗaukar nauyi. Toh gaskiya zan faɗa maka, mai kuɗi sai ya ga abu a ƙasa yake zuwa, kuma duk waɗanda ake ambata yau haka suka taso.

Kaga kamfanin komik na Comic Republic a garin nan Jide Martin ya kafa shi a 2013, kyauta suka riƙa sakin komik ɗinsu a intanet har jama'a suka san su. Lagos Comic Con, taron masu komik, a 2012 aka fara, bikin iREP na 'yan dokumentari kuma a 2010 aka kafa shi, su Femi Odugbemi ne. Ko a gida ma ai haka ne, marubutan littattafan soyayya na Kano da kuɗin aljihunsu suka riƙa bugawa su kai kasuwa, Turmin Danya da ake lissafawa a farkon finafinan Kano ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta Tumbin Giwa ta yi shi a 1990.

Ni a Agege na fara, a kan 'yan ga-ruwa, da waya ɗaya. Kuskurena na farko ranar da na je na ɗaga waya kawai, wallahi kowa ya juya min baya, wani dattijo ya ce ko gwamnati ce ta turo ni, kuma da gaskiyarsa don mutanenmu sun sha kora da rusau a garin nan. Sai da na koma ta hannun shugabanninsu, na yi kusan sati uku ina zama wajen mai shayi ba na ɗaukan komai, sannan su da kansu suka fara ba ni labarin gida, da bashin kura, da yaran da suka baro a ƙauye. Abin da ya zama fim ɗin kenan, ba wanda na rubuto daga ɗaki ba. Sai maganar sauti, don Allah ka riƙe wannan, mutum zai jure hoto mai hazo amma in bai ji magana ba zai wuce. Janareta da hon ɗin danfo, motocin hayar Legas, sun cinye min hira biyu masu kyau, daga nan na sayi ƙaramin maik na maƙalawa a riga a kasuwar wayoyi ta Computer Village na koma ɗauka bayan asuba kafin gari ya tashi. Da na gama, 'yan ga-ruwan na fara nuna wa, wani ya ce a cire fuskarsa na cire.

Komik kuwa kar ka fara da shafi ɗari. Yi 8 ko 12 ko 16, don masu bugu hurhuɗu suke lissafa shafi, kuma baƙi da fari ya fi sauƙin kuɗi. Na kai nawa Shomolu, unguwar masu buga takardu, ban nemi samfur ba, kala ta fito daban da ta kwamfuta, sannan duk ɗ da ƙ da ɓ suka koma akwatuna saboda salon rubutun da muka zaɓa ba ya ɗauke da su, ranar ban iya cin abinci ba. Ka gwada haruffan nan tun kafin a zana shafin farko. In wani ne zai maka zanen ku rubuta a takarda wa ke da labari wa ke da zane, ko da amininka ne.

Ka zaɓi ɗaya tukun, komik ɗin ko fim ɗin. In ka rubuta shafi biyu ka turo min, ranar Asabar ina Agege bayan la'asar sai mu duba tare, maik ɗin ma zan iya ara maka.