Amsa ga mai son zuwa Ingila aikin kare

Ɗana, saƙonka ya iso, mahaifiyarka ma ta kira ni a kan maganar. Ka ce an nuna maka a waya cewa a Ingila ana biyan mutum don ya fita da kare yawo ko ya koya masa tarbiyya, kai kuma tun kana ƙarami kake bin 'yan farauta a dazukan Ringim, don haka in nema maka hanya. A nan zan ba ka amsa, don masu irin wannan tambaya sun yi yawa.

Da gaske ne ana biya. Sai dai karen da ka sani a gindin rumbu yake kwana, ƙanzo da ruwan dusa sun ishe shi, in kashi ya matsa masa ya faɗa gona, ba wanda ya koya masa. Na birnin Manchesta da ke Ingila a ɗaki yake kwana, kan kafet, wani har kan gadon mai gida, a bene hawa na uku. Tarbiyyar da ake nufi kuwa, farkonta ita ce inda zai yi fitsari da kashi.

Doka ba ta yarda a sayar da ɗan kwikwiyo ba sai ya kai mako 8. A wannan lokacin ba ya iya riƙe fitsari, sai ka fitar da shi duk bayan awa ɗaya ko biyu, da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa. Idonka na kansa kullum. Ka ga ya fara sansana ƙasa yana zagaye wuri guda, to ɗauke shi maza. Wuri ɗaya za ka riƙa kai shi, ka tsaya masa har ya gama, nan take ka yabe shi ka miƙa masa ɗan guntun nama. In ka bari sai kun koma ciki, bai san ladan me aka ba shi ba. Da tsakar dare ma haka. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa, kana tsaye da igiya a hannu, yatsunka sun ƙage, shi kuma yana bin ganye da hanci kamar mai neman allura. Yawanci sai an yi wata huɗu zuwa shida a haka kafin ya kama.

In ya yi a ɗaki, ba duka, ba tsawa. Masu horar da karnuka sun ce in ka buge shi, abin da zai koya shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya koma bayan kujera yana yi a ɓoye. Na ga hakan da idona, gaskiya suka faɗa. Za ka durƙusa ka wanke wurin da maganin da ke kashe warin gaba ɗaya, don in hancinsa ya ji saura, nan zai koma. Kai da ka saba in kare ya leƙa tukunya a wurga masa takalmi, ka sani akwai dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006, kuma maƙwabciyar da ba ta taɓa amsa maka gaisuwa ba ita ce za ta fara kiran RSPCA, ƙungiyar da ke yaƙi da cin zalin dabbobi.

A titi kuma, kashin da ya yi kai za ka kwashe. Ka sa hannu cikin leda, ka ɗauka da ɗuminsa, ka juye ledar ka ɗaure, ka yi ta tafiya da ita har ka sami kwandon shara. In ka bari, tarar nan take tana kaiwa fam 100, a kotu kuma har fam 1,000.

Ba labari aka ba ni ba. Lokacin da nake aikin kula da wata tsohuwa, 'ya'yanta suka saya mata kwikwiyo wai ya ɗebe mata kewa. Matar da ba ta iya tashi daga kujera sai an kama ta, wa zai fita da shi? Babu kare a takardar aikina, babu ƙarin ko sisi, amma ni ya faɗa wa. Kullum da wasu kaya daban a jaka, don in canza kafin in yi salla. Duk wannan na jure. Wanda har yau yake min ciwo shi ne 'yar tsohuwar in ta shigo, sai ta zube ƙasa ta rungume karen, tana tambayarsa yadda ya kwana, ni da na tashi da shi cikin dare na kuma wanke uwarta da safe ko kallo ban ishe ta ba. Kafin in bar gidan, karen nan da kansa yake zuwa bakin ƙofa ya zauna ya jira a buɗe masa. Da irin wannan aikin na gama karatu, da shi aka sa kwanon da ke kan ɗakin kakarka.

Sauran maganar gajeriya ce. Babu bizar yawo da kare. Mai bizar ziyara ba a yarda ya yi aiki ba. Ɗalibin jami'a awa 20 kawai ya samu a mako lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa, alhali yawancin masu yawo da karnuka kansu suke yi wa aiki. Ko bizar kula da tsofaffi da mutanenmu suka yi ta shigowa da ita, an rufe ta ga masu nema daga waje a Yulin 2025. Duk dillalin da ya ce maka yana da hanya, gonar babanka yake hange.

In dabbobi kake so tsakani da Allah, ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a ABU Zariya in sakamakonka ya kai. Kuɗin makaranta ni zan ɗauka. Ɗauki hoton takardarka ta NECO ka turo min, ka kuma gaya wa babanka na ce kada wanda ya taɓa gonar fadamar nan.