Albashi kaɗai ba zai riƙe masu bincike ba

Malam, ka tambaya ko ƙarin albashi zai hana masu bincike barin jami'a. Zai taimaka, amma bai isa ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne kwantiragin shekara 1 ko 2: bincike bai yi nisa ba, hankali ya koma neman wani aikin. Ina natsuwa a nan, balle ga mai goyo? A bayyana sharuɗɗan ɗaukar aiki a fili, kamar yadda kundin ƙa'idojin ɗaukar masu bincike aiki da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2005 ya nema. A rage musu nauyin koyarwa. Wajen ƙarin girma kuma, a duba ingancin binciken kansa, ba sunan mujallar da ta buga shi ba.