Amsar tambayarka ta jiya kan kamfas

Yaro, jiya ka ce wai me ya sa nake sa ku wahalar jan jirgin sama zuwa ƙarshen fili ana juya shi gabas da yamma saboda ɗan kamfas, alhali ga GPS a ciki. Hannuna duk giris ne lokacin, shi ya sa ban kula ka ba.

Ka san Kufra ai, can kudu maso gabashin Libiya tsakiyar rairayi. A yaƙin duniya na biyu sojan saman Afirka ta Kudu suka kai jirage uku can ƙirar Blenheim, aikinsu sintiri da leƙen abokan gaba. Ran 4 ga Mayu 1942 da sassafe suka tashi, mutum 12, wai su zaga su san wajen. Ba su tsaya karɓar bayanin yanayi ba, iska kuwa tana ta tura su gefe a hankali, ka san sahara ba kogi ba titi ko'ina kala ɗaya, ga magana ta rediyo ta yanke tsakaninsu da Kufra, hanya ta ɓace musu dole suka sauka a daji, lafiya lau fa ko ƙwarzane babu. Sai guguwar rairayi ta taso ta hana masu nema sakat. Ƙishi ya kai su har fasa kamfas suna shan sinadarin ciki. Bayan mako guda mutum ɗaya aka tarar da rai, shi ma makanike ne irinmu.

To ranar da direba ya daina ganin ƙasa, kamar hazon hunturun nan da ke hana jirage sauka Kano, kamfas da agogo ne abin da ya rage masa, GPS ɗin naka a fagen yaƙi shi ake fara toshewa. Kuma allurar kamfas ɗin nan ba ta da kunya, ka canza rediyo ko ka ja sabuwar waya kusa da ita sai ta karkace ba ta faɗa maka ba. Digiri ɗaya tak, a tafiyar mil 60 ya kauce da mil guda. Shi ya sa muke juya jirgin fuska-fuska, mu daidaita, ragowar kuskuren mu rubuta a katin da ke liƙe gefensa.

Gobe ka zo da sukundireban tagullan nan, na ƙarfe jan allurar yake, wayarka da makullai kuma ka bar su a akwatin kayan aiki. Ka leƙa ruwan kamfas ɗin tukuna, in ka ga kumfa a ciki ka kira ni kafin ka taɓa komai.