Tangaran ne, ba gilas ba

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce kakarta ta bar mata farin faranti mai zanen shuɗi, shin gilas za ta kira shi ko tangaran?

Tangaran ne, 'yar'uwa. Gilas ana hango abin da ke bayansa, tangaran kuwa yumɓu ne aka gasa. Wallahi abin na damuna yadda yaran yanzu ke kiran duk abin da ke fashewa gilas, kuma da sun ce kaya "ɗan Chaina" ne to jabu suke nufi, alhali ƙasar Sin ce ta koya wa duniya wannan sana'a. Garin Jingdezhen shi ne cibiya, suna kwaɓa farar ƙasa da garin wani dutse su gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1300, in kika ƙwanƙwasa shi da farce sai ki ji ya amsa kamar ƙararrawa. Shuɗin nan kuma ba shunin marina ba ne, da shi ne da wuta ta cinye shi, ma'adini ne da ake kira kobalt, a ƙarni na 14 har daga Farisa ake kai musu, kuma a ƙarƙashin ƙyallin da ke lulluɓe farantin ake zana shi, shi ya sa ba ya gogewa. Turawa sun daɗe suna laluben yadda ake yin sa, sai a 1710 aka buɗe masana'antar tangaran ta Meissen a Jamus. Waswahili kuwa har a bangon masallatai da kaburbura suke manna irin waɗannan farantai don ado.

Wani ya tambayi bambancin kwano da akushi. Kwano ƙarfe, akushi itace.

Ɗalibi daga Maraɗi yana son ma'anar "in kana da kyau ka ƙara da wanka". Wato baiwa ba ta hana ƙoƙari, ba wai kwalliya kaɗai ake nufi ba kamar yadda wasu ke ɗauka. Tunda muna kan tangaran: a ƙarni na 18 akan kai shi fari fat daga Jingdezhen zuwa Kanton, wani birni a kudancin Sin, a can a zana masa furanni ko tambarin gidan Baturen da ya yi oda, a sake gasawa a wuta mai sauƙi. To wannan zanen a sama yake, shi ne ke kankarewa. Don haka 'yar'uwa ta Zariya, in farantin kakarki na da ja ko ruwan zinare a baki, don Allah kar ki dirje shi da soson ƙarfe.