Amsa ga 'yar'uwa kan rage sayayya da kirsimeti

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki daina kashe duk albashinki a ashobi da sabbin atamfa kowace Disamba, ki kuma yi wani abu na hidima.

Ni a ganina rage sayayya kaɗai ba ya ɗorewa. Kuɗin da ba a ba shi aiki ba, kasuwa ce ke cinye shi. Ki sa wa kuɗin suna tun kafin ya shigo hannunki: na gwauruwa ce a ikilisiyarku, ko na makarantar maraya. Bulus ya ce wa Korintiyawa kowa ya ware nasa a ranar farko ta mako (1 Korintiyawa 16:2), ba sai an jira rara ba.

Kuma hidima ba kuɗi kawai ba ce. Dokas ta Yafa ɗinki take yi wa gwauraye, da ta rasu su ne suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan.

Ashobi kam ki zaɓi ɗaya. Zumuntar Mata za su yi magana sati biyu, su manta. Tambayi dattijon ikilisiya, ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba.