Tashen gwauro a kartiyenmu, yaya za mu yi shi ba rigima?

Ɗan'uwa, ka ce yaranku a Tawa na son yin tashen gwauro bana amma kana tsoron wani ya ji haushi. Tashe ana farawa ne in azumi ya kai kwana 10, bayan an sha ruwa an yi asham, yara su sa tsumma da gemun auduga suna bin gida gida suna waƙar tada gwauro, a ba su hatsi ko 'yan daloli. Abin da ke ɓata shi kiran sunan mutum cikin waƙa, wallahi kar ku bari, wani matarsa rasuwa ta yi. Kar su daɗe kan gudron saboda 'yan kabu-kabu. Ku sanar da mai unguwa tukuna, baitocin asali kuma tsofaffi za ku tambaya.