Kofi ɗaya giram nawa ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kofi ɗaya giram nawa ne, tun da bayanin girkin da kike bi da kofi aka rubuta shi, ke kuma sikeli gare ki. Babu adadi guda da zai yi wa kowane kayan haɗi daidai, domin kofi yana auna yawan wurin da abu ya cika ne, sikeli kuwa nauyinsa yake aunawa.

Ruwa ne lissafinsa ya fi sauƙi, domin mililita 1 daidai take da giram 1. Kofin Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostireliya kuwa 250, saboda haka ki fara duba inda bayanin ya fito. A kofin Amurka, farin sukari yakan kai giram 200, bota 227, man girki kusan 220, zuma kuma 340.

Fulawa ce ta fi ruɗa mutane, kuma a ganina ita ta fi cancantar a ɗora ta a kan sikeli. Idan aka zuba ta da cokali aka shafe bakin kofin, takan tsaya tsakanin giram 120 zuwa 125, amma idan aka tsoma kofin aka danna ta, tana iya haura 140, kuma wannan ƙarin ya isa ya sa kek ya bushe ya yi tauri.

Ki ɗora kwano a kan sikelin, ki mayar da shi sifili, sannan ki zuba. Gishiri da yis kuwa ki ci gaba da auna su da cokali: ƙaramin mililita 5 ne, babban 15, sai dai babban na Ostireliya 20 ne.